Gida a Malaga, Mai Gida a Landan: Nazari kan Ba da Hayar Masaukin Baƙi daga Wata Ƙasa

A shekarar 2024 baƙi kusan miliyan 94 ne suka shiga Sifaniya daga ƙasashen waje, kuma mutanen Birtaniya ne suka fi kowa yawa, don sun haura miliyan 18. Da yawansu ba otal suke sauka ba. Gida suke kamawa na kwana huɗu ko mako guda, musamman a bakin tekun lardin Malaga da ake kira Costa del Sol, cikin yankin Andalusiya, wato wani ɓangare na Andalus ɗin da masu karatun tarihin Musulunci suka sani. Wani kaso na waɗannan gidaje kuwa masu su ba sa ƙasar ma. Mutum ne a Landan ko Balin ko Sitokhom, ya sayi ɗaki biyu da falo a Fuengirola ko Nerja don ya riƙa zuwa shan rana, sauran watannin ya zuba 'yan haya, gidan ya riƙe kansa har ya kawo riba. Wannan nazari zai duba abin da ke faruwa idan mai gida yana wata ƙasa, gidan yana wata, baƙon kuma ya fito daga ta uku. Na ɗauki Malaga ne saboda a can harkar ta daɗe, dokokinta a rubuce suke, kuma matsalolinta sun fito fili.

Abin da ya sa mutane suka ga kamar sana'ar ta yi sauƙi shi ne manhajojin intanet. An kafa Airbnb a San Faransisko a 2008, ga kuma Booking.com mai hedkwata a Amsterdam da Vrbo. Kafin zuwansu, mai gida sai ya sa talla a jarida, ya jira waya, ya karɓi kuɗin kafin alƙalami daga wanda bai taɓa gani ba, shi ma baƙon yana fargabar ko gidan ma babu shi. Manhaja ta kashe wannan fargaba. Ita ke nemo baƙo, ta riƙe kuɗinsa har sai ya shiga gida, ta tsara kwanaki, har ta ba da shawarar farashi gwargwadon kasuwa. Tana cire kamashonta, wanda sau da yawa yakan kai wajen kashi 15 cikin ɗari idan mai gida ne ya ɗauki nauyinsa duka. Duk wannan ana iya yin sa daga kan kujera a Landan.

Sai dai tazarar da manhaja ta rage ita ce wadda ke tsakanin mai gida da baƙo. Wadda ke tsakanin mai gida da gidansa tana nan yadda take, tafiyar kusan awa uku a jirgin sama. A nan ne hayar 'yan kwanaki ta sha bamban da hayar shekara. Mai hayar shekara sau ɗaya ake ba shi makulli, shi zai share ɗakinsa, ya wanke zanin gadonsa, ya sayi ƙwan fitila idan ya mutu. Gidan baƙi kuwa, mu ɗauka ya samu kwana 200 a shekara kuma kowane baƙo yana yin kwana biyar, to an yi shiga da fita sau 40 ke nan. Kowane karo sai an share, an sauya zannuwan gado da tawul, an duba ko an fasa kofi ko an toshe magudanar banɗaki, an miƙa makulli. Wancan ya fita da hantsi, wannan zai iso kafin la'asar, kuma lokacin bazara gidaje da yawa rana ɗaya suke wannan sauyi, masu shara kuwa ba su ƙaru ba. Aikin otal ne tsaf, illa dai babu ma'aikacin da ke kwana a wurin.

Saboda haka duk mai gidan da ke nesa dole ya nemi wanda zai tsaya masa. Wani maƙwabci ne da ake ba ɗan ihsani, wani mace ce mai shara da aka bar wa makulli, amma galibi kamfani ne na kula da gidajen baƙi, wanda kan karɓi tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na kuɗin haya. Daga wannan lokaci harkar ta zama ta wakilci, kuma a ganina duk sauran batutuwa rassa ne, wannan ce jijiyar.

Masana tattalin arziki sun daɗe suna nazarin wannan matsala. A 1976 Michael Jensen da William Meckling suka wallafa wata maƙala da ta shahara, inda suka nuna cewa duk inda wani ke juya dukiyar wani akwai asarar da ba ta kaucewa: kuɗin sa ido a kan wakili, kuɗin da wakili ke kashewa don ya nuna amincinsa, da kuma ragowar asarar da ke tasowa saboda bukatun mutanen biyu ba ɗaya ba ne. Malaman fiƙihu sun riga su taɓa batun ta wata fuska. A babin wakilci, wakili amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar da aka gindaya masa. Amma Malikawa sun ware masu sana'ar hannu, irin su tela da marini, suka ɗora musu lamunin kayan da aka ba su aiki, saboda sun lura cewa in ba haka ba kayan mutane za su riƙa ɓacewa ba mai iya kafa hujja. Abin lura shi ne, inda aka ɗora asara, nan kulawa ke komawa.

Irin wannan rabo ne ake gani a yarjejeniyoyi biyu da suka fi yawa a Costa del Sol. A ta farko kamfani yana cin kamasho daga duk abin da ya shigo. Kallon farko za a ce bukata ta zo ɗaya, tunda in gida ya kawo da yawa kowa ya samu. Amma kamashon daga jimillar kuɗin haya ake cire shi, ba daga riba ba. Kamfanin da ke riƙe da gidaje sittin ya gwammace ya karya farashi ya cika kwanaki, domin kowane dare ƙari ne a gare shi, alhali lalacewar katifa da kujera da kuɗin wutar na'urar sanyaya ɗaki duk a wuyan mai gida suke. Gyara ma haka. Idan aka aiko da rasit cewa injin ɗumama ruwa ya mutu an sauya shi, mai gida ba shi da hanyar sanin ko ƙaramin gyara ya isa. Akwai kuma abin da masu gidaje suka fi tsoro, a sa baƙo ta bayan fage a makon da takarda ta nuna gidan a kulle yake. Ba ina cewa yawancin kamfanonin haka suke yi ba. Ina cewa tsarin ya bar ƙofar a buɗe, kuma mai gaskiya da mai ha'inci rahoto iri ɗaya suke aikowa a ƙarshen wata.

A yarjejeniya ta biyu kamfani ne ke kama gidan kacokan, ya biya mai shi wani kuɗi tsayayye kowane wata, shi kuma ya je ya nemi ribarsa. Mai gida ya huta da lissafi, amma matsalar sauya kama kawai ta yi. Kamfanin da ya san yarjejeniyarsa shekara biyu ce zai tatsi gidan iya tatsa, ya ƙara gadaje, ya karɓi ayarin samarin da wani zai ƙi, ya jinkirta duk gyaran da zai iya jira. Rana ɗaya a mayar wa mai gida makulli, fenti ya koɗe, maƙwabta kuma sun ƙullace shi a kan hayaniyar da bai ji ba.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga fataken Hausa. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya bayyana yadda mai shanu daga Arewa ke sauka wurin maigidansa, wanda ke ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya kuma tsaya masa a kan bashin da mahauta suka ɗauka. Abin da ya riƙe wannan amana ba halin kirki kaɗai ba ne. Unguwa ɗaya ake zaune, masallaci ɗaya ake sallah, labari kuma yana bin hanyar shanu har Kano, don haka maigidan da ya ci amanar falke ɗaya ya rasa sauran. Baturen Landan ba shi da wannan garkuwa a Malaga. Sau da yawa ba ya jin Sifaniyanci, bai san sauran masu gidajen da kamfanin ke riƙe wa ba, kuma in ya janye gidansa, ɗaya ne cikin sittin.

Abin da ya maye masa gurbin idon jama'a shi ne sharhin baƙi. Kowane baƙo in ya tashi yakan ba da taurari daga ɗaya zuwa biyar, ya rubuta abin da ya gani, kuma wannan ne kusan kaɗai rahoton da ke isa ga mai gida ba ta hannun wakili ba. Yana da amfani, amma da iyaka. Baƙo yana ganin gashi a banɗaki, ba ya ganin danshin da ke cin bango a bayan kabad. Kuma labarinsa yana zuwa ne bayan ɓarna ta auku, a bainar jama'a. Ma'aunin ma da tsauri: Airbnb ba ta ba mutum lambar fitaccen mai masauki sai makinsa ya kai 4.8 cikin 5, yana amsa aƙalla kashi 90 cikin ɗari na saƙonni, kuma soke alƙawarinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Mako biyu na sakacin mai shara sun isa su jawo makin ƙasa.

Akwai wani abu a nan da masu gidaje da yawa ba sa lura da shi sai ranar rabuwa. Taurarin nan suna manne ne da asusun da aka tallata gidan a cikinsa. Idan kamfani ya sa gidan a ƙarƙashin nasa asusun, kamar yadda da yawa ke yi don sauƙin aiki, to yabon da aka tara na shekara biyar nasa ne. Mai gida in ya sallami kamfanin, zai koma tallata gidansa kamar sabon shiga, ba yabo ko ɗaya, a ƙasan jerin dubban gidaje. Kenan mafi tsadar kadarar wannan sana'a bayan ginin kansa tana iya kasancewa a hannun wakili, kuma wakilin da ya san haka ba ya jin tsoron kora.

Wasu sun nemi na'ura ta rage musu dogaro da mutum: ƙofa mai buɗewa da lambobi, na'urar auna hayaniya, akwatin makulli a bakin titi. Suna taimakawa, amma ana ta ƙuntata su. Tun ƙarshen Afrilun 2024 Airbnb ta hana sa kyamara a cikin gida kwata-kwata. Biranen Faris da Fulorens sun haramta rataya akwatunan makulli a kan tituna a farkon 2025. Ranar 28 ga Afrilun 2025 kuma aka ɗauke wuta a kusan ɗaukacin Sifaniya da Fotugal na tsawon sa'o'i, layukan waya suka yi rauni, na'urorin cirar kuɗi suka tsaya. Mu da muka saba da ɗaukewar wuta za mu iya murmusawa, amma mai gidan da ke Landan a ranar ba shi da hanyar jin halin da baƙonsa ke ciki sai in akwai wanda zai taka ya je. Haka aka yi a farin 2023 da 2024, lokacin da ruwan madatsar La Viñuela ya sauka ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, garuruwan gabashin Malaga suka riƙa rufe famfo da dare, aka kuma taƙaita cika wuraren ninƙaya. Baƙon da ya biya kuɗi saboda hoton wurin ninƙaya mutum yake so ya yi wa ƙorafi.

Doka ma ta gane haka tun da wuri. Dokar da gwamnatin Andalusiya ta kafa a 2016 ta wajabta yi wa irin waɗannan gidaje rajista a hukumar yawon buɗe ido, ta kuma shar'anta abubuwa kamar na'urar sanyaya ɗaki, akwatin agajin gaggawa, takardun shigar da ƙorafi da lambar wayar da baƙo zai kira a amsa masa nan take. A 2024 aka yi mata gyara, aka ba ƙananan hukumomi ikon taƙaita yawan gidajen. Daga 2 ga Disambar 2024 wata dokar ƙasa ta fara aiki, wadda ta tilasta aika bayanan kowane baƙo ga ma'aikatar harkokin cikin gida cikin awa 24, kuma tarar babban laifi tana iya kai Yuro 30,000. Daga Afrilun 2025, duk wanda zai fara sa baƙi a gidan da ke cikin bene mai masu mallaka da yawa sai kashi uku cikin biyar na maƙwabtansa sun amince. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi cizon wanda ke nesa. Taron masu gidaje da Sifaniyanci ake yin sa, masu kaɗa ƙuri'a kuma su ne waɗanda ƙarar jan akwati ke tasa da tsakar dare. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ga mutanen Birtaniya akwai ƙarin nauyi tun daga 1 ga Janairun 2021, ranar da ficewarsu daga Tarayyar Turai ta kankama. Ba su da ikon zama a yankin Shengen, wanda Sifaniya ke cikinsa, fiye da kwana 90 cikin kowane 180 ba tare da biza ba, don haka wanda a da yake zuwa ya yi rabin shekara yana kula da gidansa da kansa, yanzu ba dama. Sai haraji. Wanda ba mazaunin Sifaniya ba yana bayyana kuɗin hayarsa a takardar da ake kira Modelo 210. Idan mazaunin wata ƙasa ta Tarayyar Turai ne, kashi 19 zai biya bayan ya cire ɗawainiya. Idan daga wajenta yake, abin da dokar ta rubuta shi ne kashi 24 na jimillar kuɗin, ba a cire komai.

Mu buga misali don a ga girman bambancin. A ce gida ya kawo Yuro 20,000 a shekara. Manhaja ta ɗauki 3,000, kamfanin kula ya ɗauki 4,000, wuta da ruwa da inshora da harajin gini da kuɗin ƙungiyar maƙwabta da ƙananan gyare-gyare suka ci 5,000. Saura 8,000. Bajamushe, in an yarda masa da duk wannan ɗawainiya, zai biya 1,520 ya tsira da 6,480. Ɗan Birtaniya mai gida irin wannan a bene ɗaya zai biya 4,800 ya tsira da 3,200, kuma ba a yi maganar bashin banki ko kuɗin jirgi ba. A 2025 kotun Audiencia Nacional ta Sifaniya ta yanke hukunci, a ƙarar wani mai biyan haraji da ke zaune a Amurka, cewa hana cire ɗawainiyar ya saɓa wa dokar Tarayyar Turai, amma mai lissafi da hankali ba zai gina jarinsa a kan hukunci guda ba. Ɓoye kuɗin ma ya yi wuya, domin tun 2023 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa manhajojin su riƙa kai rahoton abin da kowane mai gida ya samu ga hukumomin haraji.

Me ya sa hukuma ke ta ƙara matsa lamba? Saboda gidan zama ya gagari 'yan gari. A ƙarshen Yunin 2024 dubban mutane suka yi zanga-zanga a Malaga kan tsadar haya. Daga Janairun 2025 majalisar birnin ta daina karɓar sabuwar rajista a unguwanni 43, inda gidajen baƙi suka haura kashi 8 cikin ɗari na gidajen zama. A Basalona, magajin gari Jaume Collboni ya sanar a Yunin 2024 cewa lasisin gidajen baƙi fiye da 10,000 duk za su ƙare a Nuwambar 2028. A Janairun 2025 Firaminista Pedro Sánchez ya kawo shawarar ɗora harajin da zai kai kashi 100 cikin ɗari a kan gidajen da mutanen wajen Tarayyar Turai waɗanda ba mazauna ƙasar ba suka saya, sannan a watan Mayu ma'aikatar kare masu sayayya ta umarci Airbnb ta sauke tallace-tallace kusan 66,000 da ta ce sun saɓa doka. Ana iya jayayya a kan ko gidajen baƙi ne babban dalilin tsadar haya, don ƙarancin gina sababbin gidaje ma yana da nasa kason. Amma ta fuskar siyasa lissafin a bayyane yake. Mai gidan da ke ƙasar waje ba ya jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa, ba ya zuwa taron unguwa, ribarsa kuma fita take yi, don haka shi ne wanda za a matsa ba tare da an rasa komai ba. Ni ban ga laifin magidancin Malaga da ya gwammace ɗansa ya samu ɗakin haya a unguwarsu a kan wani ya samu ribar hutu ba.

Ba a manta da 2020 ba, shekarar annobar korona, wadda baƙin Sifaniya suka faɗo daga sama da miliyan 83 zuwa kimanin miliyan 19. Airbnb ta mayar wa baƙi kuɗinsu, daga baya ta ware Dala miliyan 250 don rage wa masu gidaje asara. Waɗanda ke gari sun juya gidajensu zuwa hayar wata-wata cikin 'yan makonni. Waɗanda ke waje iyakoki a rufe suke, kuɗin banki da na ƙungiyar maƙwabta kuma ba su tsaya ba.

Wannan duka bai nuna sana'ar ba ta yiwuwa ba. Akwai masu cin ribarta shekara da shekaru, kuma in aka duba za a ga abin da suka yi tarayya a kai: asusun talla da sunansu yake, kuɗin haya aljihunsu yake fara shiga kafin su biya wakili, akwai mutum na biyu da ba ya ƙarƙashin kamfanin wanda ke leƙa gidan ba sanarwa, suna da akanta ɗan ƙasa, kuma suna zuwa da kansu su kwana a gidan su gaisa da maƙwabta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗi ne, irin kuɗin sa idon da Jensen da Meckling suka ambata, kuma ba ya fitowa a takardar tallan dillalin da ke sayar da gidan.

'Yan'uwanmu da ke zaune a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa sun fara shiga irin wannan harka a Abuja da Legas da Akara, inda ga matsalar wakili an ƙara da ta janareto da man dizal da ruwan burtsatse, wakilin kuma sau da yawa ƙane ne ko ɗan'uwan mata, wanda tambayarsa rasit kan zama abin kai ƙara wurin iyaye. Duk wanda ke da wannan niyya, ya fara samun mutumin da zai tsaya masa da kuma hanyar bincikarsa kafin ya biya kuɗin gida. In bai samu ba, ya ba da hayar shekara ya haƙura da ƙaramar riba.